Yadda na bi diddigin mitar wutata har na gano inda yunit ke zurarewa

Wata uku a jere wutar da nake saya tana ƙarewa tun kafin lokacinta. A da gidan yana cin yunit 8 a rana, wata rana ma bai kai ba, sai ga shi ya koma 13, alhali ko kwan fitila ɗaya ba mu ƙara ba. Kamar kowa, mita na fara zargi. Daga ranar da na shigar da ƙorafi zuwa ranar da aka gano matsalar sai da aka yi sati shida, kuma da na san abin da na sani yanzu, da kwana uku sun isa. Zan jero abin yadda ya faru, har da kurakuran da na tafka, don wanda ya tsinci kansa a irin wannan hali kada ya yi ta zagaye a banza.

Kuskurena na farko shi ne zuwa ofishin kamfanin wuta hannu rabbana. Na yi kusan awa biyu a layi, da na isa gaban ma'aikaciyar sai ta ce, "Malam, ina lambar mitar?" Ban haddace ba, ban kuma ɗauki hotonta ba. Ta lissafa mini abin da zan kawo: lambar da ke jikin mitar, lambar asusu, rasit na sayen wuta na aƙalla wata uku, hoton fuskar mita da ke nuna abin da ta karanta a ranar, katin shaida, da wasiƙar neman gwaji da sa hannun wanda sunansa ke kan asusun. Wannan na ƙarshen yana kama 'yan haya da yawa, domin idan mitar da sunan mai gida take, sai ya sa hannu ko ya ba ka takardar wakilci. Washegari na dawo da komai, na cike fom, aka tura ni wajen biyan kuɗin gwaji. Sharaɗin da suka faɗa mini shi ne, idan mitar ta fita daga ƙa'ida za a mayar mini da kuɗin kuma a gyara lissafin baya, idan kuwa lafiyarta ƙalau to kuɗin ya tafi. Sharuɗɗan sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka ka nemi naka a rubuce. Na kuma roƙa a buga hatimi a kwafin wasiƙata a rubuta lambar ƙorafin a kai. Wannan 'yar takardar ta yi mini rana daga baya, domin duk kiran da na yi, lambar ake fara tambaya.

Kafin na tashi ma'aikaciyar ta duba abu uku a kwamfuta, waɗanda ya kamata a ce ni na fara dubawa a gida. Ta tabbatar lambar mitar da ke bangona ita ce ke kan asusuna, domin a ginin da mitoci ke jere wuri guda ana samun a musanya, mutum ya yi ta biyan wutar maƙwabci. Ta duba ko an canja mini rukunin farashi. Ta kuma duba ko akwai tsohon bashi da ake cirewa duk lokacin da na sayi wuta. Babu ko ɗaya. A nan na fara gane cewa kuɗi daban, yunit daban. Idan kuɗin da ka saba biya ya daina kawo maka yawan yunit ɗin da ya saba, maganar farashi ce ko cire bashi, mita ba ta da hannu a ciki. Ba a zargin mita sai yunit ɗin kansa ne ke gudu fiye da aikin da wutar ta yi. Mai karɓar takardar kuɗin wuta duk wata shi ma ya duba ko adadin da aka rubuta masa an karanto shi ne daga mitar ko ƙiyasi aka yi, ya kuma lura da lambar ƙarshe da ke bayan ɗigo ko cikin jan akwati, wadda wani lokaci ake haɗa ta da sauran lissafin ya ninka sau goma.

Sati biyu aka ce in jira, sai ya zama biyar. A cikin jiran ne na zauna gaban mitar na karanta rubuce-rubucen da ke fuskarta, waɗanda shekara da shekaru nake wuce su. Akwai 230V da 50Hz. Akwai 5(60)A, inda A ke nufin am, ma'aunin yawan wutar da ke gudana a waya, ma'ana am 5 shi ne ma'aunin da ake gwada ta a kai, am 60 kuma shi ne iyakar abin da za ta ɗauka. Akwai lamba 1 a cikin ɗan da'ira, wato ajin daidaitonta: mitar aji 1 an yarda ta kauce da kashi 1 cikin ɗari sama ko ƙasa a yawancin nauyin da take aiki da shi, ta aji 2 kuma kashi 2. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa da ke kula da mitocin zamani na gida ita ce IEC 62053-21, kuma sau da yawa za ka ga lambar a jiki. Wasu mitocin harafi suke ɗauka maimakon lamba, inda A ya yi kusa da aji 2, B kuma aji 1. Amma rubutun da ya fi amfani ga mai gida shi ne wanda ke kusa da 'yar jar fitilar nan mai ƙiftawa. Tawa an rubuta 1600 imp/kWh, wato sai ta ƙifta sau 1600 kafin yunit ɗaya ya cika. Wasu 1000 ne, wasu 3200. Yunit ɗaya kuwa shi ne wat 1000 na tsawon awa guda. Kada a rikita wannan fitilar da sauran fitilun da ke nuna akwai wuta ko kuɗi ya kusa ƙarewa.

Abin da na fara yi shi ne rubuta abin da mitar ta nuna sau uku a rana har kwana bakwai: ƙarfe 6 na safe, 6 na yamma, da 10 na dare, ina ɗaukar hoto kowane lokaci. Da rana abin bai canja ba, kullum wajen yunit 3. Daga 6 na yamma zuwa 10 na dare ne aka yi ɓarna, yunit 5 zuwa 6 a cikin awa huɗu kacal. Na lissafa kayan da ke kunne a lokacin, talabijin, fitilu, fanka biyu da firji, duka ba su wuce wat 600 ba, wanda a awa huɗu bai kamata ya haura yunit 2.4 ba. Dare kuma ba shi da tsari, yau yunit 2, gobe 4.5, da kaya iri ɗaya a kunne. Wannan rashin tsarin babbar alama ce, amma a lokacin ban karanta ta ba. Mitar da ma'auninta ya goce takan ƙara kusan kaso iri ɗaya ne a ko da yaushe, ba ta zaɓar lokacin da za ta yi ƙarya.

Daga nan na yi gwajin da kowa ya sani. Na kashe babban makunnin gidan, na sa kujera na zuba wa jar fitilar ido minti goma sha biyar. Ko sau ɗaya ba ta ƙifta ba. Da ta ci gaba da ƙiftawa, da ma'anarsa ɗaya daga cikin biyu ce: ko mitar tana ƙirga wutar da ba a sha ba, ko akwai wata waya da aka jona tsakanin mitar da akwatin birekoki, wato ƙananan makunnan da ke raba wuta zuwa layukan gidan. Ƙiftawa ɗaya jim kaɗan bayan kashewa ba laifi ba ce, ragowar lissafin da ya riga ya taru ne. Minti biyu ba ya isa wannan gwajin. A mita mai 1600, nauyin wat 5 sai ya yi minti bakwai da rabi kafin ya jawo ƙiftawa guda, don haka wanda ya yi gaggawar tashi ba zai ga ƙaramin yoyo ba. A riƙa tunawa kuma, kashe babban makunni ba ya kashe wutar da ke shiga mitar. Murfin da ke ƙasanta mai hatimi ba a taɓa shi, saboda rai, da kuma saboda yanke hatimin kaɗai ya isa a tuhume ka da satar wuta.

Gwaji na biyu shi ne a ba mitar nauyin da aka sani a ga me za ta ce. Da dutsen guga na fara, kuma ɓata lokaci ne, domin da ya yi zafi yake kashe kansa ya sake kamawa, ƙiftawar ta riƙa tsayawa tana tashi. Firji, injin jan ruwa da na'urar sanyaya ɗaki su ma ba su dace ba, tunda abin da suke ja yana hawa yana sauka. Abin da ya dace shi ne butar dafa ruwa ta lantarki a cike da ruwan sanyi, domin tana jan wuta bai ɗaya har ta tafasa. Na kunna babban makunni, na kashe dukkan ƙananan birekoki ban da na soket ɗin da butar take, na kuma zare duk wani filogi da ke kan wannan layin. Na bar butar ta yi daƙiƙa goma tana aiki, sannan na danna agogon waya daidai kan wata ƙiftawa, na kira ta sifili, ta gaba ita ce ɗaya. Mutane da yawa a nan suke kuskure, su kira ta farkon ɗaya, lissafin ya goce. Na ƙirga 50 a cikin daƙiƙa 63. Lissafin kuwa ba wuya: ka ninka yawan ƙiftawar da 3,600,000, ka raba da abin da ya fito idan ka ninka lambar jikin mitar da yawan daƙiƙun. Wato 50 sau 3,600,000 ya ba da 180,000,000, a raba da 1600 sau 63, wato 100,800, sai ya fito wat 1786. Mai mitar 1000 ya fi kowa hutawa, domin kowace ƙiftawa wat ɗaya ce ta awa guda, sai kawai ya raba 3600 da daƙiƙun da ke tsakanin ƙiftawa biyu.

A gindin butar an rubuta wat 2000. Na ga 1786 sai na ce ashe mitar ma rage mini take yi, da kusan kashi 11. Wannan ma kuskure ne. Wat 2000 ɗin nan a kan bolt 230 aka auna shi, ƙarfin wutar da ke shigowa gida kuwa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Na aro maltimita, na'urar auna ƙarfin wuta, na auna soket yayin da butar ke aiki, na samu bolt 217. Abin da kayan zafi ke ja yana sauka ne da ninkin saukar bolt ɗin a kansa: 217 a raba da 230 ya ba da 0.943, a ninka shi da kansa ya zama 0.89, a ninka da 2000 ya ba da wat 1780. Tsakanin 1780 da 1786 babu abin faɗa. Duk da haka rubutun gindin buta ba abin rantsuwa ba ne, masana'antu suna da rangwamen 'yan kashi sama ko ƙasa. Don haka na nemi mai aikin wuta ya zo da na'urar nan mai baki kamar ƙaguwa, wadda suke kira kilam mita, ya maƙala ta a wayar layif, wato mai kawo wuta, ita kaɗai, ta nuna am 8.2. A ninka da 217 ya ba da wat 1779. Idan aka maƙala ta a kan layif da nutiral, wato wayar da wutar ke komawa ta cikinta, tare, sifili za ta nuna, domin wutar da ke tafiya da wadda ke dawowa suna soke juna. Kuma wannan ninka bolt da am ɗin a kayan zafi kawai yake ba da wat na gaskiya. A kan abin da ke da mota a ciki, kamar fanka ko firji, adadin yakan fi abin da mitar ke ƙirgawa, sai mutum ya ɗauka ta yi ƙasa. Na maimaita gwajin sau uku, sakamakon bai kauce ba. Iyakar gwajin gida ke nan: irin wannan kilam mita ita kanta tana iya kaucewa da kashi 2 ko fiye, ga jinkirin yatsa a kan agogo, saboda haka za ka iya kama mitar da ta goce da kashi 10 ko 20, amma ba za ka iya yanke hukunci kan kashi 1 ko 2 ba.

Mai tsohuwar mita mai faifai hanyar ɗaya ce, sai dai zagayen faifan zai ƙirga ta wurin baƙin tabon da ke gefensa, lambar jikin kuma rev/kWh ce. Irin waɗannan idan sun tsufa suna iya kaucewa ta kowane ɓangare: ƙura da lalacewar inda faifan ke juyawa suna sa ta yi nawa, raunin maganaɗisun da ke riƙe gudun faifan kuma yana sa ta yi sauri.

A sati na biyar, bayan kira huɗu da komawa ofis sau ɗaya da kwafin nan mai hatimi, ma'aikata biyu suka zo da safe wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Na nemi ganin katin aikinsu, na kuma ɗauki hoton lambar hatimin mitar kafin su yanke, da lambar sabon da suka saka bayan sun gama, na tabbatar an rubuta duka biyun a takardar aikin. Sun zo da akwati mai ɗauke da mitar gwaji ta aji 0.2, wadda ta fi tawa daidaito sau biyar, da wani ɗan ido da ake mannawa a kan jar fitilar yana ƙirga ƙiftawar da kansa. Sun cire wayoyin gidan daga mitar suka jona nasu nauyin, suka gwada ta a matakai uku. A rabin am ta nuna ƙarin kashi 0.7, a am 5 ƙarin kashi 0.4, a am 20 kuma ragin kashi 0.2. Sun ƙara wani gwajin da ke kwaikwayon nauyin kayan da ke da mota, shi ma ya tsaya cikin ƙa'ida. Duka aikin bai kai awa ɗaya ba. Na tambayi takardar shaidar ranar da aka daidaita na'urar tasu, suka nuna mini. Haƙƙinka ne ka tambaya, domin ma'aunin da ba a auna shi ba ba ya zama alƙali.

Gaskiya raina ya ɓaci da na sa hannu. Kuɗin gwaji ya tafi, mita ta fita da gaskiyarta, yunit 13 kuma yana nan. Babban cikinsu ya lura, bayan ya mayar da wayoyin gidan sai ya yi ta danna maɓallin mitar yana wuce shafuka har ya tsaya a kan biyu. Ya ce, "Malam, duba nan. Wannan am ɗin layif ne, wannan na nutiral. Ya kamata su zama ɗaya." Ɗaya na nuna 1.1, ɗayan 1.5. Ya nuna mini wata 'yar alama a gefen gilashin da na daɗe ina gani ban san ma'anarta ba, ya ce mitar tana shaida cewa wayoyin biyu ba su daidaita ba. Na ce, "Injiniya, to me ke jawo haka?" Ya ce aikinsu a kan mita ya tsaya, abin da ke bayanta na mai gida ne, amma in kira mai aikin wuta ya auna wayoyin biyu daban-daban da daddare, lokacin da maƙwabta suke gida.

Bayan kwana biyu, ƙarfe 8 na dare, mai aikin wutan ya maƙala na'urarsa a wayoyin da ke shiga akwatin birekoki. Layif am 2.6. Nutiral am 6.8. Ya kashe dukkan ƙananan birekoki ya bar babban makunni a kunne: gidan ya yi duhu, layif ya koma sifili, nutiral yana nan da am 5.5, jar fitilar kuma tana ta ƙiftawa abinta. Muka roƙi maƙwabcin da muke bango ɗaya ya kashe nasa babban makunnin, nan take ta tsaya cak. Bayanin shi ne, mitoci da yawa na zamani, musamman na kati, suna auna wutar da ke bi ta layif da wadda ke dawowa ta nutiral, domin kama masu zagaye mita. Idan bambancin ya wuce iyakar da aka saka mata, sai ta ɗauki mafi yawa ta yi lissafi da shi. Nutiral ɗina da na maƙwabcin sun haɗu a wani wuri bayan mitocinmu, don haka wutar da ke dawowa daga gidajen biyu tana rabuwa ta bi hanyoyi biyu. Shi yana jan wajen am 11, ni 2.6, jimla 13.6, rabi ya bi ta mitata, 6.8 ke nan. A wajen bolt 220 wannan ya kai kilowat ɗaya da rabi, a awa huɗu yunit 6, daidai abin da littafina ya nuna. Bawan Allah bai saci komai ba, kuma bai samu sauƙin ko yunit ɗaya ba, tunda tasa mitar tana ganin am 11 a layif, shi ne mafi yawa, da shi take caje shi. Wuta ɗaya aka riƙa biya sau biyu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda gwaje-gwajen uku duk suka wuce ta gefen matsalar. Babban makunnina yana yanke layif da nutiral tare, saboda haka da na kashe shi na raba haɗin da hannuna, mitar ta yi shiru. A gwajin buta kuma ni ne mai jan wuta da yawa, am 8.2 a layif, nutiral bai kai haka ba, sai mitar ta bi layif ta ba da amsa daidai. A wannan lokacin ma mitar maƙwabcin ce ke ƙirga masa abin da bai sha ba. Ma'aikatan kamfani su kuma sun cire wayoyin gidan gaba ɗaya kafin su gwada. Gwajin da ya tona asirin shi ne mafi arha a cikinsu: babban makunni a kunne, ƙananan birekoki duka a kashe, a lokacin da maƙwabta ke amfani da wuta sosai. Ƙananan birekoki layif kawai suke yankewa, nutiral yana nan a jone.

Neman wurin haɗin ya ci rabin yini. Mai aikin wutan ya kashe wutar gidajen biyu, ya riƙa cire wayoyin nutiral ɗaya bayan ɗaya daga sandar da suke taruwa a akwatin birekoki, yana auna ko akwai hanya tsakanin kowace da nutiral ɗin maƙwabci. Ta shida ce ta amsa, layin fitilun waje. A cikin wani ɗan akwatin haɗa waya a bangon da ya raba mu, wanda ya gyara fitilar ƙofa watanni huɗu da suka wuce ya tarar da wayoyin nutiral biyu ya murɗe su wuri ɗaya ya naɗe da tef. Fitila ta kama, kowa ya yi murna. Raba su bai ɗauki minti goma ba. Ban da asarar kuɗi, haɗin nan haɗari ne, domin mai gyara zai kashe birekokin gida ya ɗauka ya tsira, alhali nutiral yana ɗauke da wutar wani gidan. Da akwai na'urar nan mai yanke wuta idan ta ga yoyo a akwatunanmu, da tun ranar farko ta riƙa faɗuwa ta fallasa abin. Yanzu an saka.

Na koma ofis karo na ƙarshe da rahoton gwaji, hotunan awon wayoyin biyu, littafin kwana bakwai, da takardar mai aikin wutan da ke bayanin abin da ya gani da ranar da ya gyara. Na nemi a mayar mini da yunit ɗin da na yi asara, aka ce matsalar a wayoyin cikin gida take, ba ta kamfani ba ce, don haka babu maida komai. Ban ji daɗi ba, amma zuwan bai zama banza ba. Mitar tana ajiye tarihin duk lokacin da ta ga rashin daidaito tsakanin wayoyin, kuma a idon mai bincike wannan tarihin kama yake da na wanda ya yi wa mita wasa. Na sa aka haɗa takardun a fayil ɗina, aka ba ni shaidar karɓa.

Da zan sake, ba zan fara da ofis ba. Zan fara da lambar mita da rasit, in raba maganar kuɗi da ta yunit. Sai littafin kwana bakwai, domin shi ke nuna lokacin da wutar ke tafiya. Sai gwajin kashewa iri biyu, na babban makunni da na ƙananan birekoki, da rana da kuma da daddare. Idan fitilar ta yi shiru a duka biyun, sai a riƙa kunna birekokin ɗaya bayan ɗaya ana auna tazarar ƙiftawa, a ga layin da ke ci fiye da ƙima. A nan ake kama hitar ruwan wanka da ta daina kashe kanta, firjin da robar ƙofarsa ta saki yake aiki ba hutu, injin jan ruwa da ke ta juyi saboda tanki na yoyo, ko wayar da ta goge a cikin bango mai damshi tana zubar da wuta a ƙasa. Duk waɗannan wuta ce da aka sha da gaske, mita ba ta yi ƙarya ba. Ƙananan kaya ma suna tarawa: wat 10 da ke kunne dare da rana yunit 7.2 ne a kwana talatin. Mai janareta ko inbata ya duba ko makunnin sauya layinsa yana yanke nutiral tare da layif, domin idan bai yanke ba ana iya faɗawa irin ramin da na faɗa. Mai sola kuma ya sani akwai mitocin da idan wuta ta koma baya ta cikinsu suke ƙirga ta tamkar an sha.

Wannan ba ya nufin mita ba ta kuskure. A 2017 masu bincike a Jami'ar Twente da ke Holan sun gwada mitocin zamani 9 a ɗakin gwaji, 5 daga ciki suka nuna fiye da gaskiya, a wani yanayin har da ƙarin kashi 582, lokacin da aka haɗa su da fitilu masu tsimin wuta da makunnin rage haske. Irin wannan kuskuren ba zai fito a gwajin buta ba, domin buta tana jan wuta sumul, waɗancan kuwa a gutsure suke ja. Saboda haka wanda butarsa ta wanke mitar, nutiral ɗinsa kuma ya yi daidai da layif, amma lissafin ya ƙi haɗuwa, abin da zai nema a wasiƙarsa shi ne a ɗaura masa wata mitar a jere da tasa, su yi sati ɗaya ko biyu suna ƙirga wutar gidan tare, da kayan da ake amfani da su kullum. Idan kuma aka ce za a cire mitar a kai ɗakin gwaji, ya ɗauki hoton abin da ta nuna da ragowar yunit ɗinsa kafin a kwance ta, ya sa a rubuta a takarda, ya kuma tambaya ko an yarda ya halarci gwajin.

Na ci gaba da rubuta awon na tsawon sati biyu bayan gyaran. Tsakanin 6 na yamma da 10 na dare ya dawo yunit 2.3 zuwa 2.6, jimlar yini kuma tsakanin 7.6 da 8.3. Shafukan am biyun da ke mitar yanzu lamba ɗaya suke nunawa, alamar gefen gilashin ma ta ɓace.